Ba a Sauke Ado Sai Ruwa Ya Sauka

Duk wanda ya ce mutanen ƙauyenmu ba su san lokacin sauke adon Kirsimeti ba, bai san abin da yake faɗa ba. Na ji wannan magana a bakin direbobi, na ji a bakin malaman makaranta. Wani malamin gona ya taɓa fakewa a majami'armu a watan Afrilu, ya ɗaga kai ya ga tsummoki ja da shuɗi suna lilo, ya koma gari yana ba da labari wai akwai wasu mutane bayan Damari da har Ista suna cikin Kirsimeti. Wasu suka ce lalaci ne. Wasu suka ce ba mu da kalanda. Duk ba haka ba ne. Abin da ya fi ba ni haushi kuma, ni ma na taɓa taya su dariya lokacin ina sakandare a Zariya, don kada a ce mini 'yar ƙauye.

Bana abin ya dawo mini. Ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ba ta gama yin ƙwaya ba. Ina koyarwa a firamare a nan Magajin Gari, hanyata ta makaranta kuma ta gefen gonaki take bi. Kara ya yi tsayinsa, amma in ka murza zangarniya a tafin hannu, rabi ƙaiƙayi ne. Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga shugaban matasan ikilisiyarmu. Wai sun sayo ado daga Kaduna, takarda mai ƙyalli da balan-balan, za a ɗaura ranar Lahadin farko ta Disamba, a sauke bayan sabuwar shekara, kamar yadda wayayyu ke yi. Har layi ya ja a ƙarƙashin wayayyun. Yana so in zo in taya su, tunda ni na yi boko.

To, bari in faɗi yadda abin ya samo asali, don shi shugaban matasan yana goye a lokacin.

Ina 'yar shekara goma sha biyu aka yi farin nan da ya biyo bayan yaƙin basasa. Damina ta zo a makare, ta tafi ba sallama. Rafin da muke wanka tun watan Oktoba ya koma rairayi. Babana da ya saba cika rumbu biyu, ɗaya ma bai kai rabi ba. Na tuna ranar da ya gama jera dammunan ya sauko daga bakin rumbun, ya zauna yana cire ƙaya daga ƙafarsa, ƙayar da ni ban ga alamarta ba.

Gwaggo Laraba yayarsa ce. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna aure a nesa, ita ce kuma shugabar zumuntar mata. Gajeriya ce, kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka saboda ɗaukar kaya, don matanmu a kafaɗa suke ɗauka. Ba ta iya karatu ba. Ba ta da taushin baki, kuma ba ta taɓa yin kamar tana da shi ba. In ranta ya ɓaci takan bar Hausa ta koma yarenmu, sai kowa ya nemi abin yi.

Mai bishararmu a lokacin Malam Yohanna ne, saurayi daga kudancin Zariya, bai cika shekara da zuwa ba. Mutumin kirki ne, shi ke wanke wa yara gyambo, amma yana da wata kalanda mai hotuna a bangon ɗakinsa da ya yarda da ita ƙwarai. Shi ya sanar cewa bana za a yi ado tun farkon Disamba, yadda ya gani a makarantarsu. Adonmu a da bai wuce ganyen kajinjiri a bakin ƙofa ba, da tsofaffin takardun 'yan makaranta da muke yankawa mu rina da karan dafi.

Malam bai rufe baki ba Gwaggo ta ce, daga gefen mata, ba za a ɗaura komai ba sai an yanke gonar ƙarshe a ƙauyen. Malam ya tambaya gonar wa ta rage. Aka ce maiwar Malam Sale ce da ke bakin fadama. Malam Sale maƙwabcinmu ne, Musulmi, tsoho, kurkunu ya kwantar da shi tun kaka. Malam Yohanna ya yi 'yar dariya, ya ce bai ga abin da ya haɗa adon Kirsimeti da maiwar Malam Sale ba. Gwaggo ta ce zai gani.

Daga ranar ta shiga bin gidaje da kwando. Ba roƙo take yi ba. Takan sa a fito da dami, ta kwance, ta bi zangarniya ɗaya bayan ɗaya, ta murza, ta sa ƙwayar a haƙori. Wadda ta fi nauyi, wadda ƙwayarta ta cika, ita take warewa. A shekarar da babu, abin da ya fi kyau take ɗauka. Mata suka yi ta ƙunƙuni. Innata ta ce ai kowa ya san yadda ake ajiye abin shuka, ba yau aka fara ba, a saman murhu ake ratayewa. Gwaggo ta amsa mata cewa a shekarar ƙoshi ne yake kai damina a saman murhu. Bana, in ji ta, ranar da yaro ya yi kukan yunwa uwa kuma ta ɗaga kai ta ga hatsi a saman tukunya, to ranar ya ƙare. Ta ce kowace mace ta ɗaure nata da tsumman da za ta gane. Namu kore ne, gefen wani tsohon zanen Inna.

Maiwar Malam Sale ba ta isa yanka ba sai saura kwana uku Kirsimeti. Aka yi masa gayya, maza da mata, Kirista da Musulmi, cikin sanyin safe hannu yana ƙagewa a kan wuƙa. Gayya ce ba fura ba tuwo, ruwa kawai aka sha aka watse. Washegari ya dogara sanda ya zo har ƙofar majami'a. Bai shiga ba. Ya miƙa wa Gwaggo ƙullin maiwa da farin tsumma, ya ce amana ce. Ta ce ta karɓa.

Ranar jajibere muka ɗaura. An ja igiyoyin rama daga bango zuwa bango, ƙarƙashin jinka. A kowane bakin igiya Gwaggo ta zura fasasshiyar ƙwarya, yadda in ɓera ya biyo igiyar zai zame ya faɗo. Sannan aka jera ƙulle-ƙullen: kaura ja-ja, farfara fara tas, gero, maiwa, har da wake a cikin kwansonsa, kowanne da tsummansa, tsakaninsu kuma takardunmu na karan dafi. Gaskiya ya yi kyau. Ban taɓa ganin ado kamarsa ba, har a Zariya.

Malam Yohanna ya shigo da ganyen kajinjiri a hannu, ya tsaya ya ɗaga kai.

“Mama Laraba, wane irin ado ne wannan?”

“Iri ne.”

Ya tsaya yana jira ta ƙarasa maganar. Ba ta ƙarasa ba, tana can tana ƙulla igiya.

“Irin me?”

“Iri, Malam. Kai da ka yi mana wa'azin mai shuka, me ya ɗauka ya fita da shi?”

Mata suka tuntsire da dariya har wata ta kusa faɗowa daga benci. Shi ya san kalmar a kan takarda, bai taɓa zaton zai gan ta tana lilo a bisa kansa ba. Ya yi dariya shi ma, ya ce to babu laifi, godiyar kaka ce, a bar shi a yi biki.

Biki kam an yi, gwargwado. Ba shinkafa a shekarar. Akuya ɗaya duk ƙauyen suka ci, an kai wa gidajen Musulmi nasu kamar kullum, ko da romo ne. An buga ganga, an yi rawa har ƙafa ta gaji, wadda ba ta daɗe ba ta gaji.

Sati biyu bayan nan Malam ya ce lokaci ya yi, a sauke. Babban fasto zai zo daga gari, ba ya so a tarar da majami'arsa kamar rumbu. Ya ɗauko kalandarsa ya nuna ranar da ake saukewa ko'ina a duniya. Mabuɗin kwaɗon majami'a kuwa yana wuyan Gwaggo, saboda mata ke shara. Ta dubi kalandar sosai, kamar mai karantawa, ta mayar masa.

“Wanda aka yi wa adon ne ya ce a sauke?”

“Mama, ai ba haka ake magana ba.”

“In ya gaji da gani, zai aiko da ruwa. Ranar sai mu sauke masa.”

Fasto ya zo, dattijo, ɗan manoma. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Malam Yohanna yana gefe yana zufa a cikin sanyi. Abin da faston ya tambaya kawai shi ne wa ya yi dabarar ƙwaryar nan. Aka nuna masa Gwaggo. Ya gaishe ta da hannu biyu, ya ci gaba da abin da ya kawo shi.

Daga nan aikin ya zama na kowace Asabar. Mukan share, mu toshe tagogi da asabari saboda tsuntsaye, sannan Gwaggo ta kawo garwashi a kasko ta ɗora ɗanyen ganyen dogon yaro, hayaƙi ya turnuƙe, a rufe ƙofa. Ita tana zaune a waje da tulun ruwa, idonta a kan jinka. Hayaƙin ne ke hana ƙwari shiga hatsin. Ranar Lahadi kuma kowa na tari a tsakiyar waƙa, kayan zuwa sujada duk ƙaurin hayaƙi.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Maza suka tafi cin rani, har da babana, aka bar mata da tsofaffi da mu. Rumbunmu ya yi ƙasa har sai an ɗaga ni an saka ciki in tattaro. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, daga baya ya koma kunu, kunun ma ya yi ta tsinkewa har kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Ruwan sha sai mun tona rairayin rafi, mu zauna mu jira ya tsatso, moɗa ɗaya bayan ɗaya. Da rana tsaka ƙasa na ƙona tafin ƙafa, kaji su buɗe baki su lafe a gindin rumbu. Ni abin da na fi tunawa shi ne shirun. Ba ka jin sautin turmi a ko'ina. Ƙauyen da daka ke tashe ka da safe, sai ka ji kamar kowa ya yi ƙaura.

Ba wanda zai gane wahalar shekarar nan sai wanda ya zauna a majami'armu ranar Lahadi. Cikinka na kuka, Malam na addu'a, abinci kuma yana rataye a bisa kanka, kamu biyu kawai tsakaninku. An ce a rufe ido, amma in ka saci kallo sai ka ga rabin jama'a sama suke duba. Wani lokaci ƙwaya ɗaya takan faɗo. Na taɓa take ɗaya da ƙafa, na jira aka sunkuya, na jefa a baki. Ɗanya ce, mai ɗacin hayaƙi, na tauna ta har aka yi albarka. Gwaggo ta gan ni. Daga ranar, kafin a buɗe wa kowa ƙofa, takan riga ta tsince duk abin da ya zubo ta zuba a wata 'yar gora.

Ƙanwata Asabe tana goye. A watan Maris nonon Inna ya ƙafe. Yarinyar ta daina kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan sauti kamar na mage. Wata Asabar, muna gama hayaƙi, Inna ta zo ta sami Gwaggo a bakin ƙofa. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce nata take so, mai koren tsumma, ba na kowa ba, ta dama wa 'yarta koko mai kauri ko na kwana goma ne. Ta ce a buɗe mata yanzu da ba mutane.

Gwaggo ta ce, “Gobe Lahadi. In an taru, ki hau benci ki kwance naki a gaban kowa. Naki ne, ba zan riƙe miki hannu ba. Amma a ɓoye, a'a.”

Inna ta ce, “Yaya, ke ba ki da na goye, shi ya sa.”

Gwaggo ta ɗauki kaskonta ta juye tokar a gindin bango.

Kafin gari ya waye labarin ya zaga. Ranar Lahadi, da aka yi albarka, ba wanda ya tashi. Inna ta miƙe da Asabe a baya, ta zo daidai ƙarƙashin ƙullinmu. Ni na ja mata benci. Ina so ta hau, wallahi ina so, har na fara jin ƙamshin kokon. Ta ɗora ƙafa ɗaya. Sai na ji motsi a bayanmu. Wata mata ta tashi ta tsaya ƙarƙashin nata. Wata ma ta tashi. Kafin ka ce me, mata kusan goma suna tsaye, kowace idonta a kan tsummanta, suna jiran Inna ta fara. Inna ta waiwaya ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta dubi Gwaggo, wadda ke zaune tana kallon ƙasa. Sai ta sauke ƙafarta, ta gyara goyonta, ta fita. Sauran suka zauna a hankali kamar ba su suka tashi ba.

Daga ranar Inna ba ta ƙara yi wa Gwaggo magana ba.

Washegari da sassafe sai ga Gwaggo a ƙofar gidanmu da dagi da kwando. Ba ta gaida Inna ba, ni ta ce wa in taho. Ba mu yi nisa ba na ga Inna tana biye da mu. Haka muka shiga daji, mu uku. Gwaggo ta san dajin nan kamar tsakar gidanta. Ta san busasshen tsiron da in ka bi shi ƙasa za ka tarar da rogon daji, ta san wanda ke kisa in ba a jiƙa shi ba. Shi sai an fere, a yanka sirara, a jiƙa kwana uku ana sauya ruwa, a shekarar da ruwan ma tono ake yi. Ta san inda ɗorawa ta fara nuna kafin birai su riga mu. Garin ɗorawar nan rawaya muka riƙa damawa muna sha har bakinmu ya rine. Daga baya sauran mata suka riƙa bin mu, aka raba daji, waɗannan gabas waɗannan yamma.

Asabe kuwa ba ta iya cin waɗannan. Gwaggo ta je wurin Malam Sale, wanda akuyarsa ta haihu, ta roƙe shi. Matar da ban taɓa jin ta roƙi kowa komai ba, ta durƙusa. Kullum safe sai a aiko da madara a ɗan kofin silba. Asabe ta rayu. Har yau ita ce mafi gajarta a gidanmu, kuma har yau in Inna ta so tsokana takan ce tsawon Asabe yana nan rataye a majami'a.

Ƙarshen Afrilu hadari ya haɗu da la'asar, baƙi ƙirin daga gabas. Iska ta kwashe jinkar ɗakin girkinmu. Sai ruwa. Muka fita muna tsalle a ciki, baki buɗe. Ƙamshin ƙasar nan har yanzu in na tuna sai yawuna ya tsinke. Maza sun riga sun fara dawowa, babana ma ya dawo, ya rame, da ɗan buhun garin rogo. Da safe Malam Yohanna da kansa ya buga ƙarfen motar da muke kira ƙararrawa. Kowa ya fito da sungumi a kafaɗa. Malam yana murmushi ya ce wa Gwaggo ga shi an aiko da ruwan, sai ta kawo mabuɗi.

Ta karɓi fartanya a hannun wani, ta sara a fili, ta durƙusa ta zura hannu. Danshin iyakarsa tsawon yatsu. Ƙarƙashinsa ƙasa busasshiya, har da ɗumi. Ta ɗebo ta watsa, ta miƙe ta ce ba wannan ba ne.

Nan fa aka yi ta. Mutanen da suka yi wata huɗu suna kallon hatsi ba su taɓa ba, yanzu ga ruwa an ce su ƙara jira. Wani ya ce tsohuwar nan ta mai da kanta mai ba da ruwa. Babana, wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba, ya ce ƙauyukan da ke kewaye duk sun fita shuka, mu za a bari a baya. Ta ce sai danshi ya kai gwiwar hannu. Ta kuma ce dokar ba ta sake ba: duk mai so ya kwance nasa a gaban jama'a. Babana ya juya wurin Malam Yohanna.

“Malam, ba kai ka ce a sauke tun Janairu ba?”

“Na faɗa.” Ya je ya zauna a dokin ƙofar majami'ar, ya miƙe ƙafafu. “A lokacin ban san ma'anar iri ba.”

Gida biyu suka kwance nasu, Gwaggo da kanta ta buɗe musu. Babana ya dubi Inna. Ita ce ta fi kowa dalilin cewa a sauke. Ta ce masa, ba tare da ta kalli Gwaggo ba, ita ba ta bar 'yarta da yunwa don a je a zuba wa rana ba. Ya mai da sungumi gida.

Shukar gidajen nan biyu ta tsiro kore shar, muna wucewa muna jin haushi. Sati uku ba ɗigo. Ta lanƙwashe, ta yi fari, ta ƙone. Waɗannan sati ukun su ne mafi tsanani. Zafin da ke biyo bayan ruwan farko daban yake, ga gumi ga nauyi, hadari ya haɗu kullum ya watse. Na tsani Gwaggo a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba. Nakan ga tana tafe da mabuɗin nan yana lilo a ƙirjinta in ji kamar in fizge.

Ruwan gaskiya bai zo da iska ba. Da hantsi ya fara, a hankali, ya wuni yana zuba. Ya huta kwana ɗaya ya sake dawowa. Ba a buga ƙarfe ba, amma kowa ya taru. Gwaggo ta sara, ta zura hannu, ya shige har gwiwa. Ta zaro shi da taɓo, ta goge a zaninta, ta cire igiyar mabuɗi daga wuya ta miƙa wa Malam.

“A sauke masa adonsa. Ya gaji da gani.”

Ban san wadda ta fara ba, amma wata ta ɗauko waƙar Kirsimeti, a ƙarshen watan Mayu, kwaɗi na kuka a waje, kowa ya amsa. Haka aka yi ta saukewa ana waƙa. Tsummokin duk sun yi baƙi da hayaƙi, sai an kai bakin ƙofa ake gane launi. Ba zangarniya ɗaya da ƙwaro ya ci. Gidajen nan biyu da shukarsu ta ƙone suna tsaye a baya hannu wofi. Gwaggo ta ɗauko 'yar gorar nan ta ƙwayoyin da ta riƙa tsincewa, ta juye musu, sannan kowane gida ya ƙara musu zangarniya guda.

Malam Sale yana bakin ƙofa da sandarsa. Da aka miƙa masa nasa ya sansana, ya ce maiwarsa ta sha wa'azi wata biyar, in ta tsiro tana waƙa kada kowa ya zarge shi. Malam Yohanna ya ce in ta yi haka a kawo ta ƙungiyar mawaƙa, suna neman murya.

A ranar muka murje da hannu, a ranar muka fita. Baba na gaba yana sara, ni da Inna muna baya muna jefawa muna rufewa da diddige, Asabe na barci a baya. Kwana biyu bayan haka mutanen ƙauyukan da suka cinye nasu, ko suka zuba wa ruwan farko, suka fara zuwa neman abin shuka. An ba su abin da ya rage.

Da kaka ta yi, Inna ta tuƙa tuwon sabuwar dawa, ta zuba malmala biyu a akushi ta ce in kai wa Gwaggo. Ba saƙo. Gwaggo ta ci tas, ta ce in gaya wa uwata gishiri bai ji a miyar ba. Inna ta ce in koma in ce mata haƙoranta ne suka tsufa, har da harshen. Shiryawarsu ke nan.

Tun daga shekarar haka ake yi a garinmu. Ba a ɗaura ado sai an yanke gonar ƙarshe, ko ta wace ce, ba a saukewa sai danshi ya kai gwiwar hannu. Da aka yi ta samun shekarun ƙoshi sai hatsin ya riƙa raguwa a kan igiya, tsummoki da takardu suka fi yawa, har aka kai baƙo ba ya ganin komai sai tsumma. An yi wa majami'ar rufin kwano. Malam Yohanna an mai da shi wani gari. Malam Sale ya rasu. Gwaggo idonta ya yi rauni, bara ta ba matasa mabuɗi.

Na ba shugaban matasan amsa, layi uku. Na ce su rataya ƙyalƙyalinsu ranar da suka ga dama, su sauke ranar da suka ga dama, ba ruwana. Amma igiyar rama za ta koma, kuma su nemo mini wanda gonarsa ce ta ƙarshe bana.

Ranar Juma'a in an tashi makaranta zan hau motar Damari, in ƙarasa da ƙafa. Zan je wurin Gwaggo ta nuna mini yadda ake zura ƙwaryar nan, ko da da lalube ne, ta kuma koya mini gane ƙwaya da haƙori. Sannan in ɗauki kwando in bi gidaje, Asabe ta riƙe mini. Na san za a yi mini ƙunƙuni, ni ma ina da baki.

Mabuɗin ne na daɗe ina tunani. Ba ni zan riƙe ba. Ni da na ja benci, ni da na tauna ƙwaya a tsakiyar addu'a, na san kaina: ranar da aka fara yayyafi zan buɗe ƙofa. Zan karɓe shi a hannun matasa in rataya wa Inna a wuya.